Kafin Ku Jingine Takalmi: Nasiha Ga Samarin Madobi, Kura Da Bunkure



Maganar da nake tafe da ita ta shafi duk yaron da ke wanke taɓon gona daga ƙafarsa bayan la'asar, ya ɗaura takalmin ƙwallo ya nufi fili, yana fatan wata rana a ji sunansa a rediyo. Burin nan mai kyau ne, kuma ba zan ce wa kowa ya ajiye shi ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowane ɗan wasa rayuwa biyu gare shi. Ta farko gajera ce, shekara goma zuwa goma sha biyar, in Allah ya tsare gwiwa da idon sawu. Ta biyu tana farawa ne ranar da ya jingine takalmi, kuma ita ce doguwa, ita ce ta aure da 'ya'ya da cefane da kuɗin makaranta. Yawancin samarinmu ta farkon kaɗai suke yi wa tanadi. Ita ta biyun sai ta fāɗo musu kamar daga sama, alhali tun ranar da suka fara taka leda tana nan tafe.

Zan ba ku labarin wani mutum da ya rayu duka biyun a idon duniya. Wasansa ba irin naku ba ne, amma darasinsa naku ne.

Wasan da ake miƙa wa na baya

Zari-ruga ba baƙo ba ne a Kano kamar yadda wasu ke zato. Akwai ƙungiyar Barewa a cikin birni, wadda ta daɗe tana horar da yara da matasa, kuma Najeriya tana da tawagar ƙasa mai suna Black Stallions. Maro Itoje, wanda ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ana buga wasan da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 15 a kowane ɓangare, tsawon minti 80. Takwas daga cikinsu ƙarfafa ne masu ture da ƙwace ƙwallo, bakwai kuma masu gudu da dabara. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya dire ta a ƙasa ya ci maki 5, in aka buga ta kuma ta ratsa tsakanin sanduna a ƙara 2.

Doka ɗaya ce ta fi jan hankalina a wasan. An hana ka jefa ƙwallo gaba da hannu. In za ka miƙa, sai ga wanda yake gefenka ko bayanka. Saboda haka komai gudunka, in ka tsere wa 'yan'uwanka ka yi nisa kai kaɗai, ƙarti biyu za su kayar da kai su ƙwace ƙwallon. Ƙungiya tana cin ƙasa ne kawai idan mai ƙwallo ya san wa ke biye da shi, kuma ya sake ta a kan kari. Mutumin da zan ba ku labarinsa ya yi aiki da wannan doka a cikin fili, sannan ya yi aiki da ita a rayuwarsa.

Chester a cikin fili

An haifi Chester Williams a 1970 a Paarl, wani gari na manoman inabi kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu. Lokacin mulkin wariyar launin fata yana kan ganiyarsa, kuma tawagar zari-ruga ta ƙasar, Springboks, tamkar tutar fararen fata ce. Har ta kai baƙaƙen ƙasar da yawa sun fi son a ci tawagar ƙasarsu. Duk da haka gidan su Chester gidan wasa ne. Avril Williams, wanda kawu ne a gare shi, ya sa rigar Springboks a 1984, yana cikin 'yan ƙalilan da ba farare ba da suka taɓa samun wannan dama a wancan zamani.

Chester ya fara buga wa ƙasarsa a 1993, a karawa da Ajantina. Ɗan gefe ne, mai lamba 11, ba shi da girman jiki kamar sauran, amma yana da gudu da sanin inda ƙwallo za ta ɓullo. A 1995, shekara guda bayan zaɓen Nelson Mandela, Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya, bayan an hana ta shiga ta 1987 da ta 1991 saboda wariya. Chester kaɗai ne ba farar fata ba a tawagar, sai aka mayar da fuskarsa alamar sabuwar ƙasa, aka lilliƙa hotonsa a ko'ina. Ana gab da farawa jijiyar cinyarsa ta motsa, dole ya janye. Ku auna wannan a ranku: ƙasa gaba ɗaya tana jiranka, kai kuma kana zaune a gida da ciwon ƙafa.

Sai Allah ya yi ikonsa. A wasan da aka yi da Kanada faɗa ya kaure, aka dakatar da Pieter Hendriks, wanda ke riƙe da gurbinsa. Aka kira Chester, ya zo ya warke kuma a shirye. A wasan kusa da na kusa da ƙarshe, da Samowa ta Yamma, ya dire ƙwallo sau 4, abin da babu ɗan Springboks da ya taɓa yi a wasan ƙasa da ƙasa kafin ranar. Ranar 24 ga Yuni, a filin Ellis Park na Johannesburg, suka doke Niyu Zilan da ci 15 da 12 bayan ƙarin lokaci, Mandela ya fito sanye da rigar tawagar mai lamba 6 ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofi.

A nan masu ba da labari sukan tsaya, domin nan ne daɗin yake. Ni kuwa abin da ya biyo baya nake so ku ji. A watan Agustan wannan shekara hukumar wasan ta duniya ta halatta biyan 'yan wasa albashi, zari-ruga ya zama sana'a. Daidai lokacin da ya kamata Chester ya fara cin gajiyar guminsa, gwiwarsa ta lalace a 1996, ya yi jinya, ya dawo, ya sake samun raunin gwiwa a 1997. Shekarun da ya fi ƙarfi a jiki ya ƙarar da su tsakanin asibiti da ɗakin motsa jiki. Ya yi ta maza ya koma tawagar ƙasa, ya buga wasansa na ƙarshe a 2000. Jimilla wasanni 27 ya buga wa ƙasarsa, ya dire ƙwallo sau 14. Yana ɗan shekara 30 da ɗoriya rayuwa ta farko ta ƙare. A littafin tarihinsa da ya fito a 2002 ya bayyana cewa a bayan murmushin da ake gani a hotuna, ya sha zagin launin fata daga wasu 'yan wasan ƙasarsa. Ya haɗiye, ya ci gaba da aikinsa.

Chester a bakin fili

Da ya ajiye wasa sai ya ɗauki usur. Ya fara da tawagar ƙasarsa ta 'yan bakwai-bakwai, wani nau'in wasan mai sauri da gajeren lokaci, kuma ya yi abin kirki, domin sun ci tagulla a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Manchester a 2002. Ganin haka aka ba shi babbar ƙungiya mai suna Cats, wadda ke fafatawa da manyan ƙungiyoyin Ostireliya da Niyu Zilan. A nan duniya ta juya masa baya. Kaka biyu, 2004 da 2005, ƙungiyar tana can ƙasan teburi, aka raba gari. Gwarzon da Mandela ya yi alfahari da shi ya wayi gari ba aiki, jaridu suna cewa iya wasa daban, iya koyarwa daban.

Wani da ya zauna a gida yana cin tsohon suna, yana jiran a gayyace shi biki. Chester ya ɗauki jakarsa ya tafi inda ake buƙatarsa. Ya horar da tawagar Yuganda, ya yi aiki a Tunisiya, ya je Romaniya, wuraren da ba kuɗi mai yawa, ba 'yan jarida, ba tafi. Daga ƙarshe ya koma gida ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Western Cape, jami'ar da aka kafa tun asali domin 'ya'yan waɗanda ba farare ba. Ya ɗaga ƙungiyar daga ƙaramin rukuni zuwa babbar gasar jami'o'in ƙasar.

A wannan zama ne ya yi aikin da nake ganin ya fi dire ƙwallo sau huɗu daraja. A garinsu na Paarl akwai wani siririn yaro, Kurt-Lee Arendse, wanda ya gama sakandare manyan ƙungiyoyi suka wuce shi, har ya koma aiki a shagon sayar da nama. Chester ya ga abin da wasu ba su gani ba, ya jawo shi jami'a, ya ba shi gurbin karatu da gurbin wasa. Chester ya rasu ranar 6 ga Satumba 2019, da bugun zuciya, yana da shekara 49. Wata biyu bayan haka Springboks suka ɗauki kofin duniya a Japan, da kyaftin baƙar fata na farko, Siya Kolisi, kuma a tawagar akwai Herschel Jantjies, wanda ya taso ta ƙungiyar wannan jami'a. A 2023 a Faransa suka sake ɗauka, da ci 12 da 11 a kan Niyu Zilan, kuma yaron shagon naman nan yana cikin fili a wasan ƙarshe, yana buga gefe kamar malaminsa. Ƙafar Chester ta daina yi wa ƙasarsa gudu tun 2000, amma bayan shekara 23 aikinsa yana nan yana cin kofi.

Namu na gida

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. Ku dubi marigayi Shu'aibu Amodu. Ya buga wa Niger Tornadoes, karayar ƙafa ta yanke masa wasa tun bai yi suna ba. Ya koma horarwa, ya ci wa BCC Lions ta Gboko kofin nahiyar Afirka a 1990, ya kai Super Eagles gasar kofin duniya ta 2002 da ta 2010, ko da yake duka biyun an karɓe tawagar daga hannunsa kafin a je. Ba wanda ke tuna ƙwallayen da ya ci yana ɗan wasa, amma ba a rubuta tarihin tamaula a Najeriya a tsallake shi.

Ku dubi marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013. Kafin shi Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa haɗa biyun. Kafin Najeriya ta yarda da shi sai da ya je Togo, ya kai ta gasar kofin duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, sannan ya je Mali. Da ya dawo gida ya amince da 'yan wasan cikin gida a lokacin da ake raina su, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta kayar da Burkina Faso a wasan ƙarshe. A wannan tawaga akwai Ahmed Musa, wanda Kano Pillars ta fito da shi duniya, kuma bayan Rasha da Ingila da Saudiyya ya dawo ya sake sa rigar Pillars, Sai Masu Gida.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane ɗaya ne. Kowannensu ya fāɗi, da rauni ko da kora ko da raini, kuma kowannensu yana da abin da ya tashi da shi, domin ya tara sani tun yana da ƙarfi.

Abin da za ku tara

Ku 'ya'yan noman rani ne, kun fi kowa sanin wannan. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan damina yakan zo da yawa ya wuce, rani ya tarar da ƙasa a bushe, maza su tafi cin rani. Da aka tare ruwan aka ja shi ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sai ga shinkafa da alkama da tumatir a watan da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Ƙuruciya ita ce daminarku. Za ta zo da yawa, kuma za ta wuce. Tambayar ita ce me kuka tare.

Farkon abin tarewa shi ne sanin wasan da kai. Yaro da yawa yana buga ƙwallo shekara goma bai taɓa tambayar dalilin da ya sa koci ya ce ya tsaya a nan ba can ba. In kun je gidan kallo, ku rage musu a kan Madrid da Barcelona, ku zaɓi ɗan wasa ɗaya mai buga lambarku, ku bi shi da ido tsawon minti goma ko ƙwallo ba ta wurinsa. Ina yake tsayawa in an ƙwace? Yaushe yake waiwaye? Wa yake yi wa magana? In an tashi atisaye ku tsaya ku taya koci kwashe kaya, ku tambaye shi abin da ya gani. Ku karanta dokokin wasan, domin da yawa daga masu zagin alƙalin wasa ba su taɓa buɗe littafin doka ba.

Na biyu shi ne takarda. Koci a yau ba a yin sa da tsohon suna. Hukumar ƙwallon Afirka tana da lasisi hawa-hawa, kuma ba a barin mutum ya zauna a bencin babbar ƙungiya ba tare da shi ba. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas mai horar da masu horarwa, akwai sashen ilimin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na jihar nan. Duk waɗannan ƙofofi da takardar sakandare ake buɗe su. Wanda ya gudu daga aji yau saboda atisayen safe, ya rufe wa kansa ƙofar aikin da zai ci abinci da shi yana ɗan shekara arba'in. Kuma wasa ba koci kaɗai yake ɗauka ba. Akwai alƙalin wasa, da mai duba raunin 'yan wasa, da malamin motsa jiki a makaranta, da mai sharhi a rediyo, da sakataren ƙungiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka karatun allo da na Islamiyya, kada ƙwallo ta raba ku da su, domin su ne za su riƙe ku ranar da tafi ya ɗauke.

Na uku shi ne gona da sana'a. Kada wanda ya raina fangalin mahaifinsa don an kira shi gwaji a birni. 'Yan wasan cikin gida da yawa suna bin ƙungiyoyinsu bashin albashi na watanni, kuma kwantiragin kaka ɗaya ba abin gina gida ba ne. Ku kuwa Allah ya ba ku abin da samarin birni ke nema ido rufe: ƙasa, da ruwa a rani, da kasuwa a kusa, daga injinan casar shinkafa na Kura zuwa Kwanar Gafan. In an biya ka kuɗin sa hannu, kafin ka sayi babbar waya, ka kama gona, ko ka sayi injin ban ruwa, ko ka ɗaure tinkiya. Noma ma yana da ranar baƙin ciki, kun ga yadda tsutsa ta cinye tumatir a 2016, amma mai ƙafa biyu a ƙasa ya fi mai ƙafa ɗaya wuyar kayarwa.

Jiki amana ne

Na taɓa ganin wani yaro mai tsaron baya, wanda duk yankinsu ake ji da shi, gwiwarsa ta kumbura ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe na gasar ƙauyuka. Abokai suka ce kada ya ba su kunya. Aka sayo masa ƙwaya, aka ɗaure gwiwar da tsumma tamau, ya shiga. Ya buga har aka tashi, aka ɗauke shi a kafaɗa ana kiɗa. Washegari ko tsugunno ya gagare shi. Aka kai shi wurin mai ɗori, ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa, domin jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, ita kuwa ba a ɗora ta. Yau in zai shiga gona ban ruwa sai ya dafa sanda kafin ya tsallake ƙaramin kanal. Waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa kowa ya kama gabansa.

Ciwo saƙo ne daga jiki. Tramadol da makamantanta ba sa warkar da komai, bakin ɗan saƙon kawai suke toshewa, ɓarna tana ci gaba a ciki, sannan su bar ka da jarabar da ta fi raunin muni. In gwiwa ta kumbura, ko ka ji ta tana zillewa, ka huta, ka sa ƙanƙara in da hali, ka je asibiti a duba. In an yi karo da kai har ka ga jiri ko ka manta inda kake, ka fita daga fili a ranar. A zari-ruga, inda maza suke karo da gaske, doka ce a fitar da duk wanda ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Chester ya rasa shekara biyu yana jinya, amma ya bi ƙa'idar likita ya dawo ya sake sa rigar ƙasarsa.

Suna

Abu na ƙarshe da za ku tara shi ne suna mai kyau, kuma ya fi sauran saurin zubewa. Rage shekaru ya zama ruwan dare a ƙwallonmu, har ana ganin wanda bai rage ba wawa ne. Tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya da Najeriya ta karɓa a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko da na'ura ba ta kama ka ba, ka cinye gurbin wani yaro da haƙƙinsa. Haka kuma ku yi hattara da dillalan da ke cewa a sayar da gona a kawo kuɗi za su kai yaro Turai. Ƙungiyar da ke son ka da gaske ita ke aiko da takardar gayyata da sunanta, kuma ana iya bincikawa a ofishin hukumar ƙwallo ta jiha kafin a fitar da ko sisi.

Wannan amana tana ƙara nauyi ranar da ka zama mai zaɓen 'yan wasa. Salisu Yusuf, mutumin Zariya, ya buga wa Ranchers Bees, ya horar da Kano Pillars da Enyimba, ya kai tawagar 'yan wasan cikin gida ta Najeriya wasan ƙarshe na gasar Afirka a Maroko a 2018. A wannan shekarar aka nuna wani binciken ɓoye na ɗan jaridar Gana, Anas Aremeyaw Anas, inda aka gan shi yana karɓar dala 1,000 daga mutanen da suka zo a matsayin wakilan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, kuma ba ta sauya zaɓensa ba, amma hukumar ƙwallon ƙasa ta dakatar da shi shekara guda. Ya gama hukuncinsa ya koma aiki, kuma ƙwarewarsa ba a musunta. Na kawo shi ne don ku ga yadda minti kaɗan ke iya tsayawa a gaban aikin shekaru. Mai usur ya nisanci ko da abin da ya yi kama da cin hanci.

Ladabi ga alƙalin wasa ma yana cikin suna. A zari-ruga kyaftin ne ke magana da alƙali, kuma wanda ya yi masa gardama ana mayar da ƙungiyarsa baya da mita 10. Za ka ga ƙato mai nauyin buhun shinkafa ya sunkuyar da kai yana sauraron hukunci. Mu kuwa a gasar unguwa sau nawa aka tashi wasa da jifa? A 2022 an zaftare wa Kano Pillars maki saboda hargitsi a filin wasa, kuma a kakar ta fāɗa rukunin ƙasa, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009. Fushin yini ɗaya yana rushe ginin shekaru.

Ku fara tun yanzu

Akwai wani manomin shinkafa da na sani, wanda ya buga ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyi bai yi nisa ba. Kullum da yamma yana tara yara a wani fili gefen gari. Ba shi da kayan atisaye, gorunan ruwa yake cikawa da yashi ya jera su, yara suna zagayawa da ƙwallo. A aljihunsa akwai wani tsohon littafin rubutu da ya sha gumi, kowane yaro da shafinsa: wannan ƙafar hagunsa ba ta aiki, wannan yana da saurin fushi, wannan bai je makaranta ba ranar Talata. Wanda ya yi fashin aji ba ya taɓa ƙwallo a ranar, sai dai ya ɗebo wa sauran ruwa. Ana kiran magariba yake busa usur ko da wasa ya yi daɗi. Ba a biyansa, sau da yawa ma shi ke sayen ƙwallo in ya sayar da amfani. Iyayen da ke hana 'ya'yansu zuwa fili su ne yanzu ke kawo su da hannunsu. Wannan mutum, a wurina, yana sahu ɗaya da Chester Williams.

Ba sai kun tsufa za ku fara irin wannan ba. Kai ɗan shekara 18, akwai yara 'yan shekara 10 a layinku da ke kallonka kamar yadda kake kallon Ahmed Musa. Ka tara su sau ɗaya a mako. Ka koya musu tarar ƙwallo da cikin ƙafa, da ɗaga kai kafin bugu, da gaisawa da abokin hamayya bayan an tashi. Za ka tarar abin da kake zaton ka iya ba ka iya shi sosai ba sai ranar da ka yi ƙoƙarin bayyana wa yaro, kuma wasanka ma zai gyaru. A nan za ka koyi haƙuri, da adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, da yadda ake gyara kuskure ba tare da an karya zuciya ba. Waɗannan su ne jarin koci, kuma ba a sayar da su a kowace makaranta.

Cikin ɗaruruwan samarin da ke buga ƙwallo tsakanin Madobi da Bunkure, ƙalilan ne za su sa rigar babbar ƙungiya, kuma ina roƙon Allah ya yawaita su. Amma kowane ɗayanku zai iya fita daga wasa da lafiyarsa, da takardarsa, da gonarsa, da sunansa, da yara a bayansa masu cewa wane ne ya koya mini. Ku yi wasa da dukkan ƙarfinku, ku koma aji gobe da safe, kuma a makon nan kowa ya nemi ƙaramin yaro ɗaya ya koya masa abu ɗaya. Allah ya tsare gaɓoɓinku, ya yi muku albarka, ya sa ku amfani iyayenku da garuruwanku.